Babur Ɗin Bai Mutu Ba, Ƙanzo Ya Yi

Malumfashi,
ranar Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da kawunka da iyalinsa duka a can Funtua. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya sa aikin da sabuwar jiharmu ta ba ka ya zama alheri gare ka da manoman da za ka yi wa hidima. Mu nan lafiya lau. Tun da aka ji an ɗauke ka malamin gona an tura ka ƙasar Matazu, gidan nan bai rabu da masu zuwa barka ba. Iyakar labarin da zan ba ka ke nan, don ba labari ya zaunar da ni ba. Maganar babur ce.

Na karanta 'yar takardar da ka bari a kan teburina. Ka ce, cikin ladabi, ka gode da kyautar, amma babur ɗin ya gama aikinsa a duniya, in ka je can za ka nemi keke. Na kuma ji abin da ya yi maka makon jiya: tun daga Bakori ya fara tari, ya ƙi hawa tudu, yana hayaƙi kamar an cinna wa bola wuta, har ka shigo gari kana turawa. Ban ga laifinka ba. Amma ka saurare ni. Ƙauyukan da za a ba ka ba a bakin kwalta suke jere ba, ga damina ta kusa. Manomin da tsutsa ta faɗa wa gona ba zai iya jiran mai keke ya kwana biyu yana ratsa laka ba. In ka makara sau ɗaya, sau biyu, ba za su yi maka faɗa ba, daina aiko maka kawai za su yi. Malamin gonan da ba a aiko masa kuwa, sunan aiki kawai yake yi. Ranar Asabar za ka biyo ta nan kan hanyarka ta tafiya. Ina so kafin ranar ka sake shawara. Babur ɗin bai mutu ba. Ƙanzo ya yi.

Makanikai kabon suke ce masa, Innarka ce ta raɗa masa ƙanzo, kuma sunanta ya fi dacewa. Injin irin wannan babur fetur yake sha gauraye da baƙin mai. Abin da bai ƙone sarai ba sai ya riƙa liƙewa a kan fistan, wato ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin silinda, da rufin kan inji, da ƙofar da hayaƙi ke fita, da cikin salansa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya yi kauri ya bushe kamar gindin tukunyar tuwon da aka manta a kan wuta. Daga nan inji ya kasa numfashi. Na san haka ne don sau uku ina kai babur ɗin nan bakin kabari da hannuna, sau uku yana dawowa. Bari in ba ka su ɗaya bayan ɗaya, ka yi dariyarka a can inda ba na ganinka.

Na saye shi shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, ba a daɗe da ba ni hedimasta ba. Kai a lokacin kana aji biyu. Irin son da na yi masa, har kunyar faɗa nake ji. Kullum da safe sai na goge shi kafin in wanke fuskata da sabulu. A jikin murfin tanki an rubuta adadin baƙin man da za a zuba wa kowane galan na fetur, amma ni sai na ga abin ya yi ƙoro. A tunanina kamar tuwo ne, in man shanu ya yi yawa ba wanda zai kai ƙara. Sai in zuba awon, in ƙara rabi, wata rana ma in ninka. Ga shi kuma ina ganin hedimasta bai kamata a gan shi yana gudu ba. A hankali nake tafiya, babbar riga a naɗe a kafaɗa, ina ɗaga wa kowa hannu, har jakin da ya ƙoshi yana iya jerawa da ni.

Ranar da ya rama, ranar ce ta ƙarshe ta kai takardun yaran aji bakwai ofishin ilimi a Funtua, waɗanda za su zauna jarrabawar shiga sakandare. In aka tashi daga aiki ban kai ba, yaran sun yi asarar shekara guda. Na ɗaure takardun a baya, na kama hanya da hantsi. Ban yi rabin tafiya ba ya fara shaƙewa, ya yi tari uku, ya yi shiru. Na buga kik har ƙafata ta yi tsami. Na yi addu'ar da na sani. Na tura shi, na hau, na sauka. Can Allah ya kawo wata babbar motar auduga, direban ya tausaya, aka ɗaga babur aka ɗora a kan buhuna, ni ma aka ɗora ni. Haka na shiga Funtua, a can ƙololuwa, rungume da takardu, auduga a gemu, auduga a hula. Akawun da ya karɓi takardun ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, nan ofishin ilimi ne, ba a awon auduga.” Amma ya karɓa, ya buga hatimi, saura kaɗan a rufe.

A mota aka dawo da mu gida, ni da babur. Washegari na tura shi wurin Rashidi bakanike. Ka san shi, Bayaraben nan na bakin tasha, haifaffen garin nan, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da nawa. A lokacin bai yi furfura ba. Ya cire fulogi ya duba, ya leƙa salansa, ya sa yatsa ya fito da shi baƙi ƙirin.

Ya ce, “Hedimasta, awo nawa kake zuba masa?”

Na ce, “Ba na tsaya awo. Ina dai kyautata masa.”

Ya ce, “To ka kyautata masa har ka shaƙe shi. Kuma ni ina ganinka kullum kana wucewa. Wa ya ce ka riƙa tafiya da shi kamar mai rakiyar amarya? Inji ne fa. In bai yi zafi ba, da me zai ƙona dattinsa?”

Na ce, “Mutunci nake tsarewa.”

Ya ce, “An gaya mini yadda ka tsare shi jiya a kan auduga.”

To, Magaji, ka auna mai. Akwai gwangwanin tumatir a jakar kayan aiki, na yi masa zane da ƙusa daga ciki. Iyakar zanen nan ga galan ɗaya, kada ka ƙara ko ɗigo don tausayi. Ka girgiza su gauraya kafin ka tayar. Sau ɗaya a mako, in ka samu hanya mai kyau wadda ba yara ba dabbobi, ka sakar masa totur ya yi gudu na ɗan lokaci, ya yi zafi, ya furzar da abin da ke maƙogwaronsa. Za ka tarar da manoma masu irin tunanina a kan takin zamani: in hannu ɗaya ya yi kyau, ai hannu uku zai fi. In ka ga mutum ya ƙone masararsa da taki, kada ka yi masa kallon jahili. So ne ya yi masa yawa, kamar ubanka. Ka nemo gwangwani ka yi masa zane.

Na biyu ya fi wannan muni, don girman kai ne ya jawo shi. Bayan shekara guda da wani abu, ƙanzo ya sake taruwa, kamar yadda yakan yi ko da an kiyaye. Na ce a raina, ni da na yi kwalejin horon malamai, ga littafin babur da Turanci a hannuna, me zai kai ni layi wurin mutumin da bai gama firamare ba? Wata Asabar da safe na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na kwance kan inji, na ga baƙin abu ya yi ɓawo. Littafin ya ce a kankare har ƙarfe ya yi haske, amma bai faɗi da me ba, ko kuma ya faɗa a shafin da ban kai ba. Na waiwaya, sai ga Innarka a bakin rijiya tana darje tukwane da toka da yashi, suna ɗaukar ido. Na ce ai ga amsa. Na ɗebo yashi da toka da soso, na haɗa da wuƙar yanka albasa don wuraren da suka yi tauri. Na darje kan fistan yana nan a cikin silinda, na darje rufin kan inji. Magaji, ban taɓa ganin ƙarfe ya yi kyau kamar na ranar ba. Har kiran Innarka na yi ta zo ta ga fuskarta a ciki.

Kwana uku ya yi yana tafiya. A na huɗu ya fara wani kuka kamar ana wasa wuƙa, ƙarfinsa ya tafi. Yashin da na zuba ya gangara ta gefen fistan, ya yi ta gurzar silinda, ya cinye ringi, wato zoben da ke kewaye da fistan. Rashidi ya buɗe, ya ja farcensa a jikin silinda, muka ji yana ƙarar-ƙarar kamar an ja tsinke a kan tabarma.

Ya ce, “Da me ka wanke wannan?”

Na shiga gyara zaman hulata.

Ya ce, “Malam, likita ake ɓoye wa?”

Na ce, “Da abin da ake wanke tukunya.”

Sai ya ajiye sifana, ya nemi benci ya zauna, don dariyar ba ta yiwuwa a tsaye. Da ya samu numfashi ya ce, “Miyar kuka za ka kaɗa a ciki, ko ta kuɓewa?” Sai da aka kai silindar Funtua aka gyare ta, aka sa sabon fistan da ringi. Wata guda ina zuwa makaranta a ƙasa.

Amma ka ji halin mutumin. Da kayan suka dawo, bai ɗaura shi kaɗai ba. Ya ce tunda na nace sai na yi da hannuna, to in zo in zauna. Ya koya mini kamar yadda nake koya wa 'yan aji ɗaya baƙi da wasali, har da sa ni maimaitawa. Ga abin da ya koya mini, ka riƙe shi.

Ka zaɓi safiya, inji a sanyaye, a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da mai shan taba. Ka fara wanke wajen injin, don kada ƙasar waje ta faɗa ciki in ka buɗe. Ka cire fulogi. Notuna huɗu ne ke riƙe da kan inji. Kada ka kwance ɗaya gaba ɗaya ka bar sauran. Ka sassauta wannan kaɗan, ka tsallaka na kishiyar kusurwa, haka haka har su saku tare. Ka zuba su a kwano, don kaji na ɗaukar noti abin wasa ne, ƙasa kuma tana haɗiye shi. In ka ɗaga kan, ka danna kik a hankali da hannu har fistan ya hau sama. Ka shafa giris a kewayen bakinsa, shi zai kama duk tsakin da ya so gangarawa. Sai ka jiƙa ƙanzon da kananzir, ka tafi ka karya kumallo. Wannan jiran shi ne rabin aikin. In ka dawo, ka kankare da guntun gora da ka fere bakinsa ya yi faɗi. Gora ta fi ƙanzo ƙarfi, ƙarfen kuma ya fi ta, don haka ba za ta ji masa ciwo ba. Ban da wuƙa, ban da sukudireba, ban da yashi ko ƙwaya ɗaya. Haka za ka yi wa rufin kan inji. Sannan ka sauke fistan ƙasa, ka goge giris ɗin da dattin da ya kama, ka cusa tsumma mai tsabta a silinda, ka cire salansa, ka kankare ƙofar hayaƙi kana jawo dattin waje. Nan ne ya fi taruwa, wani lokaci ƙofar da ya kamata ta ɗauki yatsu biyu sai ka ga da ƙyar fensir zai wuce. Wajen rufewa, ka cire tsumman, ka sa sabon gaskit, wato faifan da ke shiga tsakanin kai da silinda, ka ɗaure notuna kusurwa da kusurwa kamar yadda ka kwance. In sun kama, ka tsaya. Ba kokawa kuke yi ba.

Kada ka nemi ƙyalli. Ƙarfe ya fita, shi ke nan. Kuma ka tambaya. Za ka je da takardar shaida, za ka tarar da tsofaffin da ba su san ko harafi ɗaya na boko ba, amma sun san wace fadama ce ke riƙe ruwa, wane wake ne ke jure fari a ƙasarsu. Littafinka bai taɓa taka gonakinsu ba. Ka gaishe su, ka zauna a ƙasa, ka bari su yi maka dariya in ta kama. Dariyar Rashidi ba ta rage ni da komai ba, ta bar ni da sana'a.

Na uku kuwa, har yau in aka ambace shi a gidan nan sai in tuna ina da aiki a waje. A cikin salansa akwai wani siririn bututu mai huji-huji, shi ma yana toshewa. Rashidi ya ce hanya biyu ce: ko a zare shi a gasa a wutar kara har dattin ya zama toka, ko a jiƙa salansar da ruwan soda, irin wadda matarsa ke dafa sabulu da ita. Ni da son sabon abu, na zaɓi soda. Matar ta ƙulla mini a takarda, ta ce in kiyaye idona da hannuna. Ranar Innarka ta tafi biki Dayi. Na duba gidan nan ban ga mazubin da ya kai babbar tukunyarta ta alminiyum ba, wadda duk unguwa ke aro in ana suna. Na zuba ruwa, na zuba soda, na motsa da kara. Na toshe bakin salansa da totuwar masara, na ɗura mata, na jingine ta da bango. Ruwa ya ragu da yawa a tukunya. Sai hikima ta zo mini: abin da ya iya cin ƙanzon salansa, me zai hana shi cin na kan inji, in huta da kankara? Na jefa kan injin a ciki, na tafi masallaci sallar azahar, ina jin daɗin kaina.

Da na dawo, tun daga zaure na ji wani wari mai shaƙe hanci. Tukunya na tafasa ba wuta a ƙarƙashinta, kumfa na ambaliya, ruwa na tsiyaya ta gindi. Ashe salansa baƙin ƙarfe ce, soda ba ta cin ta. Kan inji kuwa alminiyum ne, tukunya ma haka. Na tsamo shi da itace, ya yi toka-toka, fuskarsa duk ramuka kamar wanda ya yi ƙyanda. Sai da Rashidi ya nemo mini wani daga baya. Tukunyar kuwa, da na ɗauraye na ɗaga ta sama, sai na ga rana ta wurare da yawa.

Nan na ƙara kuskure a kan kuskure. Na kai ta bayan rumbu na kife, na rufe da zana. Kwana huɗu ina shiga ina fita, ina ta fara'ar da ba a saba gani ba. Rana ta biyar maƙwabta suka aiko aron tukunya, an yi musu haihuwa. Innarka ta duba ɗaki, ta duba madafa, sannan ta zo ta tsaya a kaina ina gyaran littattafan yara. Ba ta tambaye ni ba. Ta dai tsaya. Na tashi na je na ɗauko.

Ta ɗaga ta sama kamar yadda na yi, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Allah ya amfana, Malam. Dama ba mu da babbar rariya.”

Na fara bayani a kan sinadarai.

Ta ce, “Duk macen da ke unguwar nan ta san soda ba ta shiga tukunyar alminiyum. Da ka jira ni ka tambaya.”

Na ce, “Ban zaci kin san sha'anin inji ba.”

Ta ce, “Ban san inji ba. Na san tukunya. Tukunyar ma ba ita ta dame ni ba. Kwana huɗun nan da kake yi mini dariya ba dalili, har na fara tunanin kai ka asibiti.”

Ita da kanta ta je ta ba maƙwabta haƙuri, kuma ba ta ce musu ɓera ne ya yi ba. Shekara guda matan unguwa in sun gaishe ni sai su ƙara da, “Malam, ya aikin rariya?”

Don haka ka bar soda kwata-kwata. Ka zare bututun, ka kai shi can bayan gida nesa da babur da galan ɗin fetur, ka haɗa wutar karan dawa ka gasa shi har hayaƙi ya daina fita. In ya huce ka bubbuga shi da itace, ka bi hujojin da waya. Ya isa. Abin da ya yi wa wani ƙarfe magani yana iya zama ajalin wani, kuma irin da ya yi albarka a jar ƙasar Funtua ba lalle ya yi a jigawar Matazu ba. Ka gwada a kunya biyu kafin ka sa mutum ya shuka gonarsa duka. In kuma ka yi ɓarna, wadda za ka yi, don duk mai aiki yana yi, ka je da ƙafarka ka faɗa tun ranar. Manomi zai yafe maka shawarar da ba ta yi ba. Wanda ba zai yafe ba shi ne ya gano ka sani ka yi shiru.

An kira magariba, bari in dakata. Muna hutu, don haka gobe da safe in Allah ya kai mu zan buɗe injin. In na tarar ba ƙanzo ba ne, zan rubuta maka gaskiya a ƙasan nan, ka nemi kekenka da albarkata.

Ranar Alhamis, da hantsi.

Magaji, ƙanzo ne. Da na ɗaga kan injin sai da na yi dariya ni kaɗai. Ƙofar hayaƙi ta kusa rufewa, bututun salansa kuwa ko huji ɗaya ba ya ganin haske. Laifina ne kuma: shekara biyun nan da gwiwa ta matsa mini, daga gida sai makaranta sai kasuwa, a hankali, na koma rakiyar amaryata. Na duba silinda da kyau, sumul take, ringi lafiya. Na jiƙa, na jira, na kankare, na gasa, na rufe. Kafin azahar na gama. Na fito da shi ƙofar gida na buga kik. Na farko shiru. Na biyu ya yi atishawa. A na uku ya kama, da wata murya siririya mai kaifi da na manta yana da ita.

Na ce bari in ɗan zaga unguwa. Ban san yadda aka yi ba sai na gan ni a hanyar Dayi. Hanya fayau, ba kowa, na sakar masa totur. Tudun nan na bayan gada, wanda kwanan baya sai na sauko giya biyu, ya haye shi bai ko sauya numfashi ba. Iska ta cika mini riga, ta ɗauke hulata ta jefa a gonar wani, sai da na tsaya na shiga kunya-kunya ina nema. A dawowa na bi ta bakin tasha da gangan. Rashidi yana kan bencinsa, ya ɗaga kai tun kafin in iso, don kunnensa ya riga idonsa.

Ya ce, “Wa ya taɓa injin nan?”

Na ce, “Ɗalibinka.”

Ya ce, “Murza in ji.” Na murza. Ya karkata kai ya saurara, ya ce, “To. Ka ci jarrabawa. Shekara nawa ka yi a ajin nan, Hedimasta?”

Na shigo gida ƙura har gira. Innarka ta dube ni ta ce, “Wai gwiwar ce ta warke, ko hankalin ne ya tafi?” Na ce duka biyun.

Akwai kuskure na huɗu, wanda ban san da shi ba sai jiya, ina zaune ina kankara da guntun gora. Na tambayi kaina: me ya sa Magaji ya ji tarin nan a Bakori bai gane shi ba? Amsar ba ta yi mini daɗi ba. Ban taɓa koya maka ba. 'Ya'yan mutane da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa. Na zauna da su, na kama hannunsu a kan alli, na san wanda ke tsoron lissafi da wanda bai karya ba ya zo. Kai kuwa, don kai ne ɗan fari, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa da aike. Kunya ce da muka gada, kuma ba na zaginta, tana da kyanta. Amma ni na fake a bayanta na bar abin da ya wajaba. Ko wannan maganar, ka ga sai da na nemi takarda. In Allah ya ba ka naka, ka ɓoye sunansa in ka so, amma kada ka ɓoye masa abin da hannunka ya iya.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Jiya gaskit biyu na sayo a kasuwa. Na sa ɗaya, ɗayan yana aljihuna. Ka shigo motar farko ranar Asabar, ka zo da tsohuwar riga. Injin tsaf yake, ba abin da za a kankare, amma za mu sake buɗe shi duk da haka. Kai za ka riƙe sifana, ni ina kan kujera, ba zan taɓa komai ba sai baki. In ka rufe shi da hannunka ka buga ya tashi, sai ka yanke shawara: ko shi, ko keke. Ka dai yi sauri, don tun jiya na fara jin ba na son rabuwa da shi.

Innarka ba ta ce in gaishe ka ba, ka san ba za ta ce ba. Ta dai ce in gaya wa “yaron nan” kada ya ci komai a tasha.

Allah ya kawo ka lafiya, ya kai ka Matazu lafiya. Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, da ramin da ruwa ya rufe, da saniyar da ke fitowa ba sallama. Ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa manoma su yi farin ciki in sun ji ƙarar babur ɗinka daga nesa. Ya ba mu damina mai albarka, mu da ku. Ka gaida kawunka da mutanen gidansa.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Hamisu.